Ruwan Goggo Mai Ƙaurin Hayaƙi

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa Goggo ta riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara. Kafin azahar maza sun ɗauke ta sun nufi maƙabartar Lamaji. Mu mata muka baje tabarmi a tsakar gidanmu na Milezi muna karɓar gaisuwa. 'Yan'uwa Hausawa suna shigowa da "ya haƙuri", maƙwabta masu Larabci suna dafa kafaɗarmu suna cewa "kalawa". Ban yi kuka ba a lokacin. Idona ya bushe, ina dai amsawa yadda ake amsawa.

Can sai wata tsohuwa, ƙawar Goggo ce mai sayar da busasshen kifi, ta nemi ruwa. Matar yayana ta ɗebo mata daga babbar randar da ke gindin darbejiya. Tsohuwar ta kurɓa, ta tsaya, ta sauke moɗar tana duban cikinta.

"Wannan ba ruwan gidan nan ba ne," in ji ta.

Da gaskiyarta. A safiyar an cika randar daga famfo kai tsaye, don babu wanda hankalinsa ya kai ga hura wuta. Shekara da shekaru duk wanda ya sha ruwa a gidanmu dafaffe ya sha, mai ƙaurin hayaƙin ƙwallon goruba. Tsohuwar ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, matan da ke kusa da ita suka kama.

A cikin kukan ne na ji wata a bayana, ta rage murya amma ba yadda ba zan ji ba: "Baiwar Allah ta huta. Ai tun da 'yar jami'ar nan ta kai ta ta leƙa abin Nasara ba ta sake komawa daidai ba." Ban juya ba, don da na juya da an bar zaman makoki an koma rabon faɗa. Amma ga amsata a nan. Ba ni na kai Goggo ba. Wanda ya san ta ya san ba a kai ta ko'ina, ita take kai mutane. Kuma ban yarda a riƙa tuna ta da tsohuwar da ta zautu tana dafa ruwa ba, shi ya sa na zauna nake wannan rubutu.

Yayar mahaifina ce. Gidanmu gidan mahauta ne, ita kuma ita ke daka yajin tsiren ƙannenta, don haka hannunta kullum yana ƙamshin citta da tafarnuwa. Mijinta ya rasu tun ban san kaina ba, kuma ba ta da ɗa a raye. Da aka yaye ni Baba ya ɗauke ni ya kai ɗakinta, ya ce ga tata. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Uwata" take ce mini, ko tana lallashi ko tana zagi.

"Uwata, zo nan don ubanki!"

Baba yana alwala a gefe sai ya ce, "Yaya, ina ji fa."

Ta ce, "Don ka ji na faɗa."

Mace ce da ba ta yarda da abin da ba ta gani da idonta ba. In aka ce mata wane ya rasu, kafin ta yi salati sai ta tambayi wanda ya ga gawar. In aka ce kogi ya cika, sai ta yafa mayafi ta je ta duba.

Ta haifi biyu. Na san haka don ana faɗa, ba don ita ta faɗa ba. Shekarar da yaƙi ya watsa mutanen garin nan aka tsallaka kogi zuwa Kusuri, ta tsallaka da namiji a hannu da mace a goye, ta dawo ita kaɗai. Gudawa da amai, aka ce. Ban taɓa jin sunayensu a bakinta ba, kuma a gidanmu ba a ta da maganar.

Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na ce ilimin halittu zan karanta a jami'a, Baba ya so in yi aikin jinya. Goggo ta tambaye ni mene ne abin. Na ce mata karatun masu rai ne.

"Duk mai rai?"

"Duk mai rai, Goggo."

"To ta je. Ki fara da ubanki, a gano mana abin da ke sa shi minshari."

Maganar ta ƙare a nan. Kullum da yamma in na sauka daga kan klando, babur ɗin haya, sai na tarar da ita a bakin turmi tana jiran labari. Ranar da na ce mata mun feɗe kwaɗo ta sa na wanke hannu da toka, ta raba mana kwano na ɗan lokaci. Amma washegari ita ce ta tambaye ni ko kwaɗo yana da hanta, kuma wane launi ce.

A shekarata ta biyu aka ce kowane ɗalibi ya kawo ruwa daga inda ya ga dama, za mu duba shi a mikroskop, na'urar da ke girmama abin da ido ba ya gani. Na ɗebo na kogi, tunda a bayan unguwarmu yake. Na kara wayata a bakin na'urar na ɗauki abin da ke yawo a ciki, na kawo wa Goggo don in burge ta. Ta kalla ta tura mini wayar.

"Waya maƙaryaciya ce. A cikinta na ga akuya tana waƙa."

Na yi dariya na manta da zancen. Ita ba ta manta ba. Wata Alhamis bayan azahar ina cikin labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, sai aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga Goggo da mayafinta na zuwa biki, riƙe da tsohuwar kwalbar turare cike da ruwa. Da hannunta ta ɗebo shi daga kogi, ta ce, don kada in yi mata wayo. Mai kula da labon, wani dattijo mai haƙuri, ya ce ta shigo. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta ce wurin karatu ne. Da ta ga ƙwarangwal ɗin roba a kusurwa ta yi masa sallama, sannan ta juyo ta tambaye mu ko wannan bawan Allah ba shi da dangi ne da za a bar shi a tsaye.

Ita ta ɗiga ruwan a kan gilashi. Ba ta iya rufe ido ɗaya ba, sai ta rufe shi da tafin hannu, ta sunkuya. Ta daɗe a haka.

"Suna gudu," ta ce. "La ilaha illallahu. Wannan har da gashi. Uwata, gari ne guda, har da kasuwa!"

Dariya take yi, irin wadda ban cika ji a bakinta ba, dariyar yarinya. Ɗalibai suka taru suna murmushi. Ina alfahari da ita, ina alfahari da kaina. Sai na ga dariyar ta tsaya, idonta kuma bai bar bakin na'urar ba. Ta miƙe a hankali, ta yi wa dattijon godiya, ta sa takalmanta. Kwalbar turaren ma a can ta bar ta.

Ta ƙi hawa klando. Muka biyo bakin kogi a ƙafa. Da muka zo inda mata ke wanki ta tsaya tana kallon tsallake.

"Uwata, da ma suna ciki, ko yanzu suka shiga?"

"Tun da ma, Goggo."

"Tun kafin a haife ki?"

"Tun kafin a haifi kowa."

"To su ne?"

"Su wa?"

"Waɗanda suka ɗauke mini yara. Ruwan nan na ba su. Da hannuna na ba su."

Na gaya mata abin da na sani, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce waɗanda ta gani yau ba su ne masu kisa ba, masu kisan sun fi su ƙanƙanta. Na ce suna iya zuwa ta ruwa, suna iya zuwa ta abinci ko ta ƙuda, kuma tunda babu wanda ya gwada ruwan wancan lokaci, babu mai iya cewa ta ina suka bi. Na ɗauka zan sanyaya mata zuciya.

Ta ce, "Wato akwai waɗanda suka fi waɗannan iya ɓuya."

Washegari da sassafe na ji ƙaurin goruba. Ta zubar da ruwan kowace randa a gidan, ta ɗora babbar tukunyar biki a kan murhu. Daga ranar har ƙarfinta ya ƙare, ba a sake shan ɗanyen ruwa a gidanmu ba, ko na famfo ne. An kawo mata gas ta ƙi, ta ce wutar da ba ta hayaƙi ba ta yarda da ita ba. Ta ajiye wata randar a ƙofar gida don masu wucewa. Yaran unguwa suka sa mata Hajja mai dafa ruwa, ba ta damu ba, in dai sun sha.

Ba duka aka ji daɗi ba. A wani suna a maƙwabta ta ga mai jego za ta ba ɗanta na goye ruwa daga bokiti, ta buge moɗar ta faɗi a gaban baƙi. Aka yi cacar baki, uwar mijin mai jegon ta ce ba a taɓa yi mata wannan cin fuska a gidanta ba. Goggo ba ta ba da haƙuri ba. Amma daga washegari kullum sai ta ɗauki tulun dafaffen ruwa ta kai ƙofar gidan ta ajiye, ba sallama ba magana, har aka yaye yaron. Uwar mijin nan tana cikin waɗanda suka yi mata wanka ranar Talata.

Baba kuwa ni ya ɗora wa laifi. Ya tsare ni a zaure ya ce karatun nan ya isa haka, tunda ya taɓa masa kan yayarsa. Ashe tana bayan ƙofa.

"Kai ɗan nan," ta ce da shi, mutum mai furfura, "karatun ne ya zuba su a cikin ruwan? Suna nan tun kana tsotson yatsa. In ka cire ta daga makaranta, ni zan je in zauna a kujerarta."

Baba ya kawo mata limamin unguwa. Liman ya zauna ya yi mata nasiha mai kyau a kan ajali, cewa babu ran da ke fita kafin lokacinsa. Ta saurara har ya gama, ta sa aka kawo masa ruwa ya sha.

"Allah ya gafarta malam, ajali na san shi, ban yi jayayya da shi ba. Hannu nake tambaya. Ta hannun wa ya bi?"

Tambayar nan ta zauna tare da mu a ɗaki kamar mutum na uku. Ba kullum take yin ta ba. Sai mu yi watanni lafiya, muna tsokanar Baba, tana tambayata abin da ke sa ganye kore. Sai wata rana ina ninke kaya in ji ta ce, "An koya muku yanzu?" Na san abin da take nufi. Ita a ganinta jami'a bene ce, amsar tana can sama, ni ce ban hau ba tukuna. Na taɓa ce mata wataƙila ba ruwan ba ne. Ta ce ita ba ta iya kwana a kan wataƙila ba. Ƙarya kuma ba ta yiwuwa, don macen da ke tambayar wanda ya ga gawa ba za ta karɓi "a'a" daga bakina ba tare da ta ce in nuna mata ba.

Ranar da na karɓi lisans, takardar digirina, ta yi girki kamar ana aure. Da baƙi suka watse ta kira ni ɗaki, ta sa na shimfiɗa takardar a kan cinyarta, ta shafa ta duk da ba ta iya karantawa.

"Yanzu kin gama. Su ne?"

"Ban sani ba, Goggo."

"To me kika je yi?"

Raina ya ɓaci, na ce mata ko wanda ya koyar da ni bai sani ba, kuma ba za a taɓa sani ba. Ta ninke takardar ta miƙo mini. Azumin shekarar nan gaba ɗaya ba ta yi mini magana ba, muna ɗaki ɗaya. Kunun buɗa baki dai kullum ina tarar da shi a rufe a gefen katifata. Ranar Salla ta ce, "Uwata, ɗaura mini ɗankwalin nan, don ubanki," aka wuce wurin. Na ji zafin wannan azumi, kuma har yanzu ina ji.

Ciwon da ya tafi da ita ba shi da alaƙa da ruwa. Zuciya ce ta gaji. Likita ya ce mu mai da ita gida. Na karɓi murhun, ina dafawa kafin in tafi makarantar da nake koyarwa. Ta daina cin abinci, daga baya ruwan ma sai ta kau da kai. Wata rana da tsakar rana, zafi ya kai inda ko kaji sun yi shiru, na kai mata moɗa baki ta ture.

"Ba wannan ba. Ki je kogi."

"Goggo, kin san abin da ke ciki."

"Duk unguwar nan wa ya fi ni sani? Irin wanda suka sha nake so."

Na dubi Baba da ke zaune a bakin ƙofa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Je ki."

Na ɗauki ƙwarya na fita. A bakin kogi na tsaya ina kallon ruwan, sunayen duk abin da na karanta suna zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. Na yi tunanin in biya wurin mai shayi ya tafasa mini, sai na tuna hancin Goggo. Na ɗebo na rufe da faifai na dawo.

Ba ta sha ba da farko. Ta sa na ta da ita zaune, na ajiye ƙwaryar a cinyarta. Ta tsoma yatsu, sannan ta tsoma hannun duka har wuyan hannu, ta rufe ido.

"Sanyi," ta ce.

Can ta ci gaba, idonta a rufe.

"Yaran sun yini a rana. Tun safe muke bakin gaɓa ana harbi a bayanmu, ba kwalekwale. Da muka tsallaka babban ya daina kuka ma, bakinsa ya bushe. Ban ɗebi na gefe ba, Uwata, na ga mutane suna wanke ƙafa a ciki. Na shiga har ƙugu na ɗebo na tsakiya." Ta buɗe ido ta dube ni, kamar wadda ta tsinci abin da ya daɗe da ɓata. "Na tace shi. Na cire ɗankwalina na ninka na tace. Kin ga na manta da na tace?"

Baba ya tashi ya fita, na ji shi yana fyace hanci a zaure.

"Abin da na sani ke nan a ranar," ta ce. "Da suka sha ƙaramar ta yi mini dariya."

Sannan ta zame ɗankwalin da ke kanta ta miƙo mini. Na ninka shi, na ɗora a bakin moɗa, na tace. Na kai mata baki hannuna yana karkarwa.

"Riƙe da kyau, don ubanki. Ruwa ne."

Ta kurɓa kaɗan, ta kwanta. Ba ta sake yi mini tambayar ba har Allah ya karɓi abinsa. Na sha jira ta yi, in ta buɗe ido ta dube ni sai in shirya, amma sai ta ce in gyara mata matashi, ko in kore mata ƙuda.

Ni ce yanzu tambayar ba ta bari ba. Ina koyar da yara abin da aka koya mini, kuma duk shekara akwai ranar da nake ɗiga musu ruwan kogi a kan gilashi. Suna ihu suna dariya, suna cewa ga mai gashi, ga mai gudu. Ni kuwa sai in ji sanyin ɗigon a yatsana ya ƙi tafiya har in koma gida. In na bi ta bakin kogi ba na son kallon tsallake. Har yau ban sani ba ko su ne.

Ranar makokin, da tsohuwa mai kifi ta gama kukanta, na tashi daga kan tabarma. Na karkata randar na zubar da ruwan famfon a gindin darbejiya. Na kwaso ƙwallon goruba na hura wuta, na ɗora tukunyar biki. Wata ta ce mai makoki ba ta aiki, wata ta ce a ƙyale ni. Sai da hayaƙin ya shiga idona sannan kukan ya zo. Ruwan bai samu ya huce ba kafin maza su dawo daga Lamaji da ƙishirwa. Da ɗuminsa suka sha a cikin wannan zafi, har da Baba, har da liman, kuma babu wanda ya sauke moɗa ya ce komai.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Ya haɗa ta da yaranta biyu a bakin ruwan da ba sai an dafa ba, ba sai an tace ba, ta ɗebo da hannunta ta ba su.